Ɗana ya ce Fada zai zama: wace irin rayuwa ce ke gabansa?

Wata uwa ta aiko da wannan tambaya: "Ɗana na fari ya gama sakandare, ya ce shi Fada yake so ya zama. Mahaifinsu ya rasu, yana da ƙanne huɗu. Ina so a gaya mini gaskiya: shekara nawa zai yi yana karatu? Da me zai riƙa ci? Ana ƙarin girma kamar aikin gwamnati? Kuma a wannan zamani na sace mutane, ba cikin wuta zan jefa shi ba?"

Mama, sannu da ɗawainiyar marayu. Allah ya ba maigida hutawa ta har abada, ya raya abin da ya bari. Ni firist ne na Katolika, wato Fada, na yi shekaru masu yawa ina aiki a farish (yankin da Fada ke kula da Kiristocinsa) na ƙauye da na birni a nan Arewa, na kuma zauna cikin waɗanda ke tantance samarin da ke neman shiga seminari, makarantar horar da firistoci. Tun da gaskiya kika nema, ita zan ba ki, mai daɗin da marar daɗin.

In fara da karatun. Dokar Ikilisiya ta 1983 ta ce aƙalla shekara 6: biyu na falsafa, huɗu na ilimin tauhidi. Amma a Najeriya abin ya fi haka tsawo. Yaro yakan fara da shekara guda ta renon ruhaniya, inda ake koya masa addu'a da zaman shiru da zama da mutane. Daga nan sai falsafa shekara uku ko huɗu, sai a tura shi wani farish ko makaranta ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin wani Fada, sannan ya koma ya yi tauhidi shekara huɗu. Ki lissafa shekara 9 zuwa 10. Yaranmu na Arewa yawanci sukan yi karatun a St. Augustine da ke Jos, wadda aka buɗe a 1967, ko Good Shepherd da ke Kaduna, ko St. Thomas Aquinas da ke Makurdi. Ko lokacin hutu ba naki ba ne gaba ɗaya, don ana tura su ƙauyuka su yi makonni suna koyar da katikism, suna kwana a ɗakin da jama'a suka ba su, suna cin abin da aka dafa a gidan. Ba a naɗa mutum dikin, wato matakin da ke kafin firist, sai ya cika shekara 23, ba a naɗa shi firist sai ya cika 25, kuma dole a sami aƙalla wata shida tsakanin naɗin biyu.

Wannan tsawon da gangan aka yi shi. Kowace shekara malamai suna zama su duba kowane ɗalibi: halinsa, gaskiyarsa, yadda yake da kuɗi, yadda yake da mata, yadda yake karɓar gyara. Wasu ana sallamarsu, wasu da kansu suke gane cewa ba hanyarsu ba ce. A ajinmu, waɗanda muka kai ga naɗi ba mu kai rabin waɗanda muka fara tare ba, kuma da yawa cikin waɗanda suka fita yau magidanta ne na kirki, malamai da lauyoyi da ma'aikatan asibiti. Saboda haka shigarsa seminari ba ta nufin ya riga ya zama Fada. Gwaji ne zai shiga, shi ya gwada kansa, Ikilisiya ma ta gwada shi.

Akwai kuma wata mararraba da ya kamata ya sani tun yanzu. Firistoci iri biyu ne. Akwai na ƙungiya, irin su Dominikan da suka kafa aikin Sakkwato da Gusau, da Agustiniyan da suka yi aikin Yola da Maiduguri. Su waɗannan suna ɗaukar wa'adi uku: talauci, tsarkin jiki da biyayya, ba su mallakar komai da sunansu, kuma shugabansu zai iya tura su kowace ƙasa. Akwai kuma na dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, waɗanda su ne mafi yawan masu riƙe da farish. Na dayosis ba ya wa'adin talauci, yana iya mallakar babur ko mota ko gonar gado, amma ya ɗaure kansa ga ƙasa guda da bishop guda. In na Kafanchan ne, na Kafanchan ne har kabari, sai fa in bishop ya ba da aronsa wani wuri.

Ranar naɗi ita ce za ta nuna miki abin da nake nufi da ɗaurewa. Za ki ga ɗanki ya durƙusa gaban bishop, ya sa tafukansa biyu cikin tafukan bishop, a tambaye shi ko ya yi alkawarin ladabi da biyayya ga wannan bishop da duk waɗanda za su gaje shi. Zai ce ya yi. Bai san su waye magadan ba, wataƙila wani ma ƙaninsa ne a makaranta. Sai ya kwanta rubda ciki a ƙasa, goshinsa a kan hannuwansa, jama'a suna rera sunayen tsarkaka suna roƙo dominsa. A nan ne iyaye mata suke fashewa da kuka, tawa ma ta yi. Sai bishop ya ɗora masa hannu a ka cikin shiru, sauran firistoci su bi layi su ma su ɗora, a shafa masa mai mai tsarki a tafin hannu, a miƙa masa faranti da ƙoƙon Misa. Alkawarin rashin aure kuwa tun ranar da ya zama dikin ya ɗauke shi. Daga wannan rana, Mama, ke ma in kin je ikirarin zunubi wurinsa "Fada" za ki ce masa.

Yanzu batun ƙarin girma, wanda a nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Matakan naɗi uku ne kawai: dikin, firist, bishop. Tsakanin firist da bishop babu wani tsani da ake hawa da jarrabawa ko yawan shekaru. Sabon firist yakan fara da zama mataimaki a ƙarƙashin wani babba, shekara biyu ko uku, yana koyon abin da seminari ba ta koyarwa: yadda ake sasanta mata da miji, yadda ake magana da kwamitin coci, yadda ake binne yaro ƙarami a gaban uwarsa. Daga nan a ba shi farish nasa. Wasu ana tura su ƙaro ilimi a Roma ko wata jami'a su dawo su koyar a seminari. Wasu su riƙe makaranta, ko asibiti, ko su zama limaman sojoji da 'yan sanda da ɗaliban jami'a. Wani ya zama shugaban shiyya mai lura da farish da yawa, wani ya zama mataimakin bishop a harkar mulki. Amma duk waɗannan aiki ne da ake ba mutum a kuma karɓe. Na san wanda ya riƙe babbar majami'ar birni, wasiƙa guda ta mai da shi ƙauyen da ba wuta ba ruwan famfo, ya naɗe kayansa ya tafi, kuma babu wanda ya ɗauka an rage masa daraja.

Bishop kuwa Paparoma ne ke naɗawa, ba a neman kujerar, kuma cikin firistoci ɗari da wuya a sami ɗaya ko biyu. Bishop Matthew Hassan Kukah an naɗa shi firist a 1976, bai zama bishop na Sakkwato ba sai 2011. Bishop Gerald Musa, ɗan Malumfashi, wanda aka ba sabuwar dayosis ta Katsina a 2023, ya yi fiye da shekara 25 yana firist kafin nan. Wanda kuma Ikilisiya ta zaɓa ya zama waliyyin firistocin farish duka, Yohanna Vianney, bai riƙe wani babban muƙami ba. An tura shi wani ɗan ƙauye mai suna Ars a Faransa a 1818, mutanensa ba su kai 300 ba, nan ya zauna har ya rasu a 1859, yawancin yininsa a kujerar sauraron masu tuba. Duk ranar 4 ga Agusta muke tunawa da shi. In ɗanki yana hangen hular bishop ne, gara ya nemi wani aikin. In kuwa abin da ke ransa shi ne ya zama na wasu mutane a wani gari, ya san su da sunayensu, to ya kama hanya.

Bari in nuna miki Lahadi guda a farish na ƙauye, don nan ne rayuwar take. Farish ɗaya a karkara yakan haɗa ƙananan majami'u goma, ashirin, wani wuri fiye da haka, kowace da katikis ɗinta, wato malamin da ke koyar da addini. Fada ba zai iya zuwa duka a rana ɗaya ba. Doka ma ta ce Misa ɗaya a rana, da izinin bishop biyu, ranar Lahadi in akwai ƙarancin firistoci uku. Don haka ake yin jadawali, wani ƙauyen sai bayan wata biyu ko uku yake ganin Fada. Na tuna wata Lahadi cikin Agusta. Na gama Misar asuba a hedkwata, na ɗaure akwatin kayan Misa a bayan babur, na rufe shi da leda. Da na isa rafi ya cika ya batse. Samari huɗu ne suka zura sanda ta cikin ƙafafun babur suka ɗauke shi a kafaɗa, ni kuma na naɗe riga na ɗora akwatin a ka, ruwa har ƙirji. Na isa wajen azahar, ina tsammani sun watse. Suna nan zaune a kan kututturan da suka jera a matsayin benci, 'yan zumuntar mata suna buga tulu da kacau-kacau suna waƙa tun safe. Na zauna a gindin ɗorawa na saurari ikirari kusan awa biyu, na yi Misa, na yi wa jarirai tara baftisma, na ɗaura aure guda, sannan katikis ya ja ni gidan wata tsohuwa da ta kwana biyu ba ta magana, na shafa mata man marasa lafiya. Da zan tafi suka ɗaura mini zakara da kwano biyu na dawa a bayan akwatin. Ban taɓa jin na fi kowa arziki kamar a hanyar komawa ran nan ba.

Ki lura da katikis a cikin labarin nan. Shi ne ke jagorantar addu'a duk Lahadin da Fada ba ya nan, shi ke shirya masu baftisma, shi ya san gidan da ake rikici. Tun da firistocin ƙungiyar mishan ta SMA suka sauka Shendam a 1907 suka fara aikin Katolika a wannan yanki, da ƙafar katikis bishara ta shiga yawancin ƙauyukanmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Firist ɗin da ya raina katikis ɗinsa ya kashe farish ɗinsa da hannunsa, kuma abin da nake fara gaya wa kowane sabon mataimaki ke nan.

Sauran kwanakin mako ba su da armashi irin wannan, amma su ne mafi yawa. Misa da sassafe. Addu'o'in Zabura da ya yi alkawarin yi kullum, safe da rana da yamma da dare. Zaman ofis, inda mai neman takardar baftisma da mai neman kuɗin asibiti da matar da miji ya kora duk suke layi ɗaya. Rubuta sunaye a manyan littattafan baftisma da aure da mutuwa, waɗanda doka ta wajabta wa kowane farish ya adana, har bayan shekara hamsin jika ya zo ya sami sunan kakansa. Lura da makarantar firamare, da gyaran rijiyar burtsatse, da ginin da aka fara tun zamanin wanda ya gada. Gaisuwa wurin hakimi da limamin Juma'a, zuwa barka da Sallah, zuwa ta'aziyyar maƙwabci Musulmi, domin a Arewa Fada da bai iya zama da maƙwabta ba ya jawo wa jama'arsa wahala. Doka ta ce ya zauna a gidan Fada kusa da majami'a, hutunsa wata guda a shekara, kuma kowace Lahadi ya miƙa Misa guda domin mutanen farish ɗinsa. Ba shi da izinin shiga jam'iyya ko riƙe muƙamin gwamnati. Shi ya sa da Fada Hyacinth Alia ya fito takarar gwamnan Binuwai, bishop ɗinsa na Gboko ya dakatar da shi daga aikin firist a bainar jama'a a 2022.

Abinci da kuɗi. Ba zai kwana da yunwa ba. Farish ne ke ciyar da shi, ya ba shi wurin kwana da man abin hawa, akwai ɗan alawus, akwai abin da masu neman a yi musu Misa suke bayarwa, akwai kyautar mutane. Baikon Lahadi da kuɗin bikin godiya na kaka ba nasa ba ne, na farish ne, akwai kwamitin kuɗi da doka ta ce dole a kafa, kuma ana kai wa dayosis kasonta. An hana shi kasuwanci, an kuma hana shi ya ƙi yi wa talaka baftisma ko jana'iza don ba shi da abin bayarwa. Farish na birni yana da sauƙi, na ƙauye kuwa wani lokaci baikon Lahadi ba ya cika tankin babur, shi ya sa da yawanmu muke noma. Abin da nake so ki riƙe shi ne: zai iya taimaka wa ƙannensa jefi-jefi, kuɗin makaranta nan, magani can, amma ba zai iya ɗaukar gidan kamar yadda ɗan fari mai albashi zai yi ba. Na ga firistocin kirki da dangi suka matsa musu da buƙatu har suka sa hannu a kuɗin coci, mutuncinsu ya zube. In ya zama Fada, ki zama ke ce mai tsare shi daga wannan, ko da kawunansa za su ji haushi.

Abin da ya fi talauci nauyi shi ne kaɗaici. Da rana mutum ɗari suna kiran sunanka, da dare ka rufe ƙofa kai kaɗai. Ka ji abubuwa a wurin ikirari da ba za ka taɓa faɗa wa kowa ba har ka mutu, domin wanda ya tona asirin mai tuba ya fitar da kansa daga tarayyar Ikilisiya nan take. Ka shaƙu da mutane shekara biyar ko shida, ka yi wa 'ya'yansu baftisma, ka binne iyayensu, sai wasiƙar canjin wuri ta zo, ka bar itatuwan mangwaron da ka dasa kafin su yi 'ya'ya. Wasu wannan nauyi ya kai su ga giya, wasu ga mata, wasu kuma sun cutar da yaran da aka ba su amana, abin da ya sa Paparoma Francis ya fitar da doka a 2019 da ta wajabta wa firistoci kai rahoton irin wannan laifi. Ba zan ɓoye miki wannan ba. Waɗanda na ga sun tsufa da hasken fuska su ne waɗanda ba su saki addu'a ba, suke da abokai cikin 'yan'uwansu firistoci, kuma suke da gida da za su je a kira su da sunan yarinta a zuba musu tuwo. In ya kai shekara 75 zai miƙa wa bishop takardar ajiye farish, dayosis ta ci gaba da kula da shi, amma firist yake har ranar da za a sa shi a ƙasa.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wadda na san ita ce ke hana ki barci. Haɗarin gaskiya ne. Gidan Fada sananne ne a kowane gari, sau da yawa yana gefe, kuma masu garkuwa suna ganin akwai jama'a a bayansa da za su tara kuɗi. A Janairun 2020 aka shiga seminarin Good Shepherd ta Kaduna aka ɗauki ɗalibai huɗu, aka kashe Michael Nnadi, yaro ɗan shekara 18. A Mayun 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. A 2022 Kaduna ta rasa Fada Joseph Aketeh Bako da Fada Vitus Borogo, Kafanchan ta rasa Fada John Mark Cheitnum. A Nijar an ɗauke Fada Pier Luigi Maccalli daga Bomoanga a 2018, bai sami 'yanci ba sai 2020. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Fada Isaac Achi na dayosis ɗin Minna. Shi ne ke riƙe da majami'ar St. Theresa ta Madalla ranar Kirsimetin 2011 da bam ya tashi ya kashe masu ibada da yawa. Ya tsira, ya binne mutanensa, ya ci gaba da aiki. Ranar 15 ga Janairu 2023 'yan bindiga suka cinna wa gidan Fada wuta a Kafin Koro, ya ƙone a ciki. Mutumin da ya ga abin da ya gani a Madalla yana da hujjar neman a kai shi wuri mai kwanciyar hankali, amma a ƙauye mutuwa ta same shi, a tsakiyar jama'arsa.

Ba zan ce miki Allah zai kare shi daga wannan ba, don waɗanda na lissafa ma Allah suke bauta wa. Abin da zan iya cewa shi ne wutar da ke cin firist ita ce ke cin manomi a gonarsa da ɗalibi a makarantar kwana da matafiyi a hanyar Birnin Gwari. Bambancin kawai shi ne Fada ba ya iya kwashe kayansa ya bar gari alhali mutanensa suna nan. Yanzu bishop-bishop suna ɗaukar matakai: a wasu wuraren ana janye firist ya riƙa kwana a gari yana shiga da rana, ana hana tafiyar dare, wasu farish ɗin ma an rufe su na ɗan lokaci. Duk da haka, wanda zai shiga wannan aiki a Arewa yau ya kamata ya san waɗannan sunaye, kuma ki tambaye shi da bakinki ko ya san su.

Ga shawarata. Kada ki tura shi, kada kuma ki tare masa hanya. Akwai iyayen da ke son a kira su "Maman Fada" har su hana yaro fita ko da ya gane ba kiransa ba ne, kuma irin wannan yaron shi ne ke zama firist mai ɗacin rai. Ki zaunar da shi ki gaya masa halin gidan ƙarara, har da abin da kike tsoro game da ƙannensa, ki ji me zai ce. Daga nan ya je wurin Fadan farish ɗinku, shi zai haɗa shi da firist mai kula da masu neman shiga seminari a dayosis. Zai buƙaci takardar baftismarsa da ta ƙarfafawa, sakamakon WAEC ko NECO mai kyau har da Turanci, wasiƙar shaida daga Fada, da gwajin lafiya, sannan a yi masa jarrabawa da ganawa. Ki tambaya kuma abin da dayosis ke biya da abin da ake jira daga gida, don tsarin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, ki kuma faɗa musu cewa maraya ne.

Ranar da zai tafi, ki gaya masa a gaban ƙannensa cewa ɗakinsa yana nan, in ya dawo bayan shekara uku ko bakwai ba tare da farar riga ba, ba wanda zai yi masa gori a gidanki. Ina sa ku cikin Misata ta gobe, ke da shi da ƙannen huɗu.